Ciwon Karkarwa Wanda Babu Karkarwa A Cikinsa

A unguwar da na tashi akwai dattawa biyu waɗanda, da a ce wani ya rantse mini a wancan zamani cewa cuta ɗaya ce ke damunsu, da na ce masa ya shirya kaffara. Na farkon mai sayar da goro ne a bakin masallaci, wanda hannunsa na dama, muddin ya ɗora shi bisa gwiwa yana hutawa, sai babban yatsa da manuni su shiga murza juna kamar mai jan carbi alhali babu carbin, amma da zarar ya miƙa hannun zai zaɓo wa mai saye goro daga cikin ganye, sai rawar ta ɗauke ɗif, ba ta dawowa sai ya mayar da hannun mazauninsa. Na biyun kawuna ne, malamin allo, wanda ban taɓa ganin ko yatsansa ɗaya ya yi rawa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Mai goro kowa ya san yana da lalura. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce iska ce ta shafe shi, yara kuwa suna tsayawa daga nesa suna ƙura wa hannun ido. Shi Kawu babu wanda ya ce yana da komai face tsufa. An lura dai cewa idan ya ɗauki alƙalami zai yi wa almajiri ƙari, yakan fara da baƙaƙe manya masu kyau irin nasa, amma kafin ya kai ƙarshen layi sun tsuke sun zama kamar sahun kiyashi. An lura cewa muryar da a da ake jin ta daga zaure har cikin gida ta koma ƙasa ƙasa, kuma fuskarsa ta daina motsi har iyalinsa suka riƙa tambayar juna ko wani ya ɓata masa rai. An lura cewa idan yana tafiya hannayensa ba sa lilo, kuma tashi daga sujada ya zama masa aiki mai neman shiri. Sai faɗuwa ta fara, sau ɗaya a wajen alwala, sau ɗaya a dokin ƙofar zaure, inda ƙafafunsa suka kafe kamar an manna su da ƙasa alhali gangar jikinsa ta riga ta yi gaba.

Da aka kai shi wani asibiti, wanda ya duba shi ya ce ya miƙa hannuwa, ya ga ba sa rawa, ya rubuta masa maganin ciwon jiki da na ƙarin jini. Sai bayan fiye da shekara biyu wani likita dabam, wanda bai ko taɓa takardarsa ba tukuna, ya ce masa, "Baba, a yi haƙuri, a tashi a taka zuwa ƙofa a juyo." Kawu ya yi yunƙuri sau uku kafin ya miƙe, ya ja ƙafa zuwa ƙofa, kuma juyowar da lafiyayye ke yi da taku biyu shi sai da ya yi ta da gajerun taku wajen shida. Likitan ya ambaci sunan cutar. Babban ɗan Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ya karkarwa." Wannan jumla ita ce dalilin wannan rubutu, domin ra'ayina shi ne cewa sunan da muke kiran cutar Parkinson da shi, wato ciwon karkarwa ko makyarkyata, yana ɓoye mana wanda ya fi buƙatar a gan shi da wuri, kuma binciken da masana ke yi a kan hanyoyin sadarwar ƙwaƙwalwa, duk da tsadar na'urorinsa da nisansa daga gare mu, ya zo da hujjar da ya kamata ta sauya yadda muke duban dattawanmu.

Kuskuren ba namu ba ne mu kaɗai, kuma ba yau ya fara ba. James Parkinson, likitan birnin Landan da ya fara siffanta cutar a 1817, ya gina ɗan littafinsa a kan mutum shida ne kacal, waɗanda uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su, ya kuwa kira abin da ya gani shanyewa mai karkarwa, saboda abin da ya fi ɗaukar ido shi ne ya samu suna. Sai bayan shekara hamsin da 'yan kai Jean-Martin Charcot, a asibitin Salpêtrière na birnin Faris, ya yi wa sunan raddi ta fuska biyu: ya nuna cewa marasa lafiyan ba su da shanyewa ta haƙiƙa, abin da ke damunsu nawar motsi ce da sandarewar tsoka, ya kuma nuna cewa akwai waɗanda ba sa karkarwa sam, shi ya sa ya gwammace a jingina cutar ga sunan Parkinson. Alƙaluman da likitoci ke ambata a yau sun ce wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu cutar ba sa zuwa da rawar hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu ita sun haura miliyan 8.5, don haka wannan kaso ba ƙaramar jama'a ba ce.

A 1990 ne Joseph Jankovic da abokan aikinsa suka mayar da lurar Charcot ta zama ma'auni, bayan sun duba marasa lafiya 800 na wani babban gwajin magani a Amurka da Kanada. Suka auna tsananin karkarwa a gefe guda, suka auna matsalar tsayuwa da tafiya a ɗaya gefen, suka raba na farko da na biyu: wanda sakamakonsa ya kai 1.5 ko ya wuce, shi ne mai rinjayen karkarwa. Wanda nasa bai wuce 1.0 ba, shi ne mai rinjayen tangaɗi da nawar ƙafa. Na tsakani kuwa aka bar shi ba a yanke masa hukunci ba. Abin da ya biyo baya, wanda nazari bayan nazari ya ƙarfafa, shi ne cewa ɓangaren farko, a galibi, cutarsu tana tafiya a hankali kuma hankalinsu ya fi daɗewa a tsaye, na biyun kuwa sun fi saurin naƙasa, sun fi faɗuwa, sun fi kusa da ruɗewar tunani. Mai goro ya ci gaba da sana'arsa shekaru masu yawa bayan an yi wa Kawu sutura.

To, mece ce illar wannan bambanci, wato dalilinsa, in muka ari kalmar malaman usulu? An san tun 1960, lokacin da Ehringer da Hornykiewicz suka auna ƙwaƙwalwar mamata a birnin Biyana, cewa asalin cutar ƙarancin wani sinadari ne da ake kira dofamin, wanda wasu ƙwayoyin jijiya na wani baƙin yanki a can tsakiyar ƙwaƙwalwa ke aikawa zuwa ga dunƙulen jijiyoyin da ke gindinta, masu ba da izinin fara motsi. Kuma a kan wannan sani aka gina maganin lebodofa, wanda George Cotzias ya tabbatar da amfaninsa a 1967. Da a ce wannan ne labarin duka, da wanda ya fi rasa dofamin shi zai fi karkarwa. Amma da aka samu na'urorin auna dofamin a cikin rayayye, sai aka ga nawar motsi tana bin gwargwadon ƙarancin sinadarin sau da ƙafa, ita kuwa karkarwa ba ta bin sa, kuma lebodofa, wanda ke sakin sandararriyar tsoka kamar an kwance ɗaure, wani lokaci yakan bar rawar hannu yadda ya same ta. Ashe akwai wata hanya a cikin al'amarin wadda ba ta dofamin kaɗai ba ce.

A nan ne ilimin sadarwar ƙwaƙwalwa ya shigo, kuma ya dace a bayyana shi a fili, domin ana yawan ambatonsa kamar wani sihiri. Ƙwaƙwalwa ba ta aiki yanki yanki kamar ɗakunan da kowanne ya kulle ƙofarsa. Ta fi kama da ƙasa mai garuruwa da hanyoyin fatake a tsakaninsu. Ɗan kasuwar da bai taɓa bin hanyar Kano zuwa Maraɗi ba, in ya lura shekara da shekaru cewa duk sa'ad da farashin gero ya ɗaga a kasuwar Dawanau ta Kano sai ya ɗaga a Maraɗi, in ya faɗi a can ya faɗi a nan, zai yi ƙiyasi cewa akwai hulɗa tsakanin kasuwannin biyu ko da bai ga motar da ke ɗauko buhunan ba. Haka na'urar maganaɗisu ta MRI ke yi: tana auna hawa da saukar iskar da jini ke kai wa kowane yanki, kuma tun da Bharat Biswal ya nuna a 1995, a birnin Milwaukee, cewa yankunan motsi na dama da na hagu suna hawa da sauka tare ko da mutum yana kwance bai motsa komai ba, masana suka samu hanyar zana taswirar waɗanda ke magana da juna. Sai dai a riƙe cewa wannan dalili ne na zato mai ƙarfi, bai kai matsayin yaƙini ba, domin kasuwa biyu na iya ɗagawa tare saboda fari ɗaya ya same su, ba don hanya ta haɗa su ba.

Aikin da ya fi gamsar da ni a wannan babi shi ne na Rick Helmich da abokansa a birnin Nijmegen na ƙasar Holan, wanda suka wallafa a 2011 da 2012. Sun ɗaura wa marasa lafiya na'urar auna rawar tsoka a hannu, suka sa su cikin na'urar maganaɗisu, suka duba abin da ƙwaƙwalwa ke yi a daidai lokacin da rawar ta tashi da lokacin da ta yi ƙarfi ko ta lafa. Suka ga dunƙulen gindin ƙwaƙwalwa yana motsawa ne a lokacin farawar rawar kawai, amma ƙarfinta yana bin aikin wata da'ira dabam, wadda ta haɗa ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya da mahaɗar da ake kira talamus da ɓawon ƙwaƙwalwa mai kula da motsi. Suka kuma ga cewa a wurin masu karkarwa hulɗar da ke tsakanin da'irorin biyu ta fi ta waɗanda ba sa karkarwa ƙarfi. Wanda ya taɓa kunna fitilar ƙwai zai gane misalin: ashana ce ke kawo wutar, amma girman harshenta yana hannun mai murɗa lagwani. Wannan ya warware wani abin mamaki da likitocin tiyata suka daɗe da gani, tun da Alim-Louis Benabid ya fara dasa siririyar waya mai lantarki a cikin talamus a Faransa a 1987: idan aka taɓa wannan gurbi, rawar hannu takan tsaya cak, amma nawar motsi da tangaɗin tafiya suna nan daram. An rage lagwanin ne kawai.

Labarin mai nawar ƙafa ya fi wannan faɗi, ya kuma fi shi duhu. Tafiya, wadda muke ɗauka ƙafa ce ke yin ta, ashe aiki ce da ke neman haɗin kan gani, da lura, da tsara abin da za a yi gaba, da wasu cibiyoyi a kututturen ƙwaƙwalwa masu riƙe tsayuwa. Hotunan ƙwaƙwalwar masu wannan nau'i sun fi nuna raguwar naman ƙwaƙwalwa a ɓangaren goshi, da rauni a hulɗar da ke tsakanin yankunan lura da na motsi, wanda ya dace da abin da iyali ke gani a gida, cewa dattijon yakan kafe ne a ƙofa, ko a wajen juyawa, ko idan aka yi masa magana yana cikin tafiya, wato a duk inda ƙwaƙwalwa ke buƙatar yin abu biyu a lokaci guda. Mafi muhimmanci a wurina shi ne abin da Nicolaas Bohnen da abokansa suka ruwaito daga jihar Michigan a 2009, cewa da suka kwatanta masu faɗuwa da waɗanda ba sa faɗuwa, ba a dofamin bambancin ya fito ba, ya fito ne a wani sinadari na biyu, asetilkolin, wanda aikinsa ya ragu a talamus na masu faɗuwa. Shi kuwa wannan sinadari shi ne kuma ke riƙe da lura da tunani, don haka ba abin mamaki ba ne cewa faɗuwa da mantuwa suna zuwa gida ɗaya.

Adalci ya wajabta in faɗi raunin wannan ilimi, kada in zama mai tallan magani a tasha. Galibin nazarin hoton da ya kwatanta nau'ukan biyu an yi shi ne a kan mutane 'yan gomomi, wani ya ɗauki hoton bayan an sha magani, wani kafin a sha, kuma mai karkarwa, bisa ɗabi'ar cutarsa, ya fi motsa kai a cikin na'ura, alhali motsin da bai kai faɗin ƙwayar gero ba yana iya ƙirƙirar hulɗar ƙarya a taswira. Shi ya sa ake samun saɓani: wannan ya ce hulɗar wani yanki ta ƙaru, wancan ya ce ta ragu. A 2022 wani babban nazari a mujallar Nature ya nuna cewa danganta irin waɗannan taswirori da halayen mutane ba ya tabbata sai an tara dubban mutane. Bayan wannan kuma, nau'ukan kansu ba ƙabilu ba ne da ake haihuwar mutum a ciki ya mutu a ciki. Masu bincike a Stavanger ta ƙasar Nowe, waɗanda suka bi marasa lafiya tsawon shekaru, sun ruwaito a 2006 cewa da yawa daga masu rinjayen karkarwa sukan koma masu tangaɗi, kuma wannan juyi yakan riga ruɗewar tunani zuwa. Haka nan babban shirin bibiyar sababbin marasa lafiya da gidauniyar Michael J. Fox ta kafa a 2010 ya nuna cewa mutane da dama sun sauya rukuni cikin shekara guda. Don haka akwai masanan da ke ganin cewa abin da muke kira nau'i biyu wataƙila zango biyu ne a kan hanya ɗaya, wani ya daɗe a zangon farko, wani ya tsallake shi. Ni dai a tawa fahimtar, ko nau'i ne ko zango ne, hukuncin da ya hau kan mai jinya bai sauya ba: ranar da ƙafa ta fara ja ita ce ranar da cutar ta shiga wata da'ira, ita ce kuma ranar da ya kamata a sake lissafi. Babu likita a duniya da ke yanke wa mutum ɗaya hukunci da wannan hoto a yau. Ido da hannun likita ne ke yin aikin, a Landan kamar yadda yake a Gusau.

Ga inda maganar ta taɓa mu kai tsaye. Lebodofa yana da tsada a wurin talaka, kuma ba a kowane shagon magani ake samunsa ba, musamman a wajen manyan birane. Abin da ke da araha, wanda ake samu ko'ina, shi ne benzhexol, ƙwayar nan da matasa 'yan shaye-shaye suka sani da sunan Exol. Wannan ƙwaya tana rage rawar hannu a wurin wasu, gaskiya ne, amma tana yin haka ne ta hanyar toshe aikin asetilkolin, wato ainihin sinadarin da ya riga ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwar dattijo mai faɗuwa. Mai goro, da yana da sauran ƙuruciya, wataƙila ya amfana da ita. A ba wa irin Kawu kuwa, ana iya ƙara masa ruɗewa, da gane-gane, da bushewar baki, da taurin ciki, da riƙewar fitsari, sa'an nan iyali su ce ciwon ne ya yi gaba, ko su ce aljanu ne yake gani. Duk wanda ke rubuta magani a ƙaramin asibiti, da mai shagon da ake zuwa wurinsa a ce a ba da na karkarwa, ya kamata wannan mas'ala ta zauna masa, kuma saninta ba ya buƙatar na'urar maganaɗisu.

Akwai kuma tsoron da ya bazu, har a cikin wasu ma'aikatan lafiya, cewa fara lebodofa da wuri yana gajiyar da shi, don haka a jinkirta. Amsar wannan ta fito ne daga nahiyarmu. Roberto Cilia da abokansa sun kwatanta marasa lafiya a ƙasar Gana, waɗanda talauci ya hana su samun maganin sai bayan shekaru, da na ƙasar Italiya da suka fara da wuri, suka wallafa a 2014 cewa matsalolin da ake jingina wa maganin suna bin tsawon cutar ne da yawan abin da ake sha, ba tsawon lokacin da aka yi ana shan sa ba. Jinkirin bai saya wa kowa komai ba. Haka nan a 2023, aikin da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da likitocin jijiya na sassan Nijeriya suka yi tare da abokan hulɗarsu na waje ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara hatsarin cutar a wurin masu asalin Afirka, wanda ba a gan shi a nazarin Turawa ba. Taswirorin sadarwar da na ambata kusan dukkansu an zana su ne daga ƙwaƙwalwar mutanen Turai da Amurka da gabashin Asiya, kuma wanda ya ga abin da ya faru a fagen gado ba zai yi gaggawar cewa tamu ba za ta zo da nata ƙarin ba.

Ba kowane dattijo mai jan ƙafa ne ke da cutar Parkinson ba, kuma wannan ma dalili ne na kai shi ga wanda ya sani. Ƙananan shanyewar jijiya da hawan jini ke haddasawa, da taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, da wasu magungunan taɓin hankali da na amai, duk suna iya kawo irin wannan tafiya, wasunsu kuwa akan warke bayan an daina shan abin da ya jawo su. Tambayoyin da ke buɗe ƙofar ba su da tsada: ya faɗi cikin shekarar nan, sau nawa, yana iya juyawa a kan gado da dare, rubutunsa ya ƙanƙance, yana jin ƙamshin turare, yana duka ko ihu a cikin barci? Shari'a ta yi wa mara lafiya rahusa ya yi salla a zaune, kuma iyalin da suka lallashi dattijonsu ya karɓi wannan rahusa, suka cire dokin ƙofa mai tsayi, suka sa fitila a hanyar bayan gida, wataƙila sun kare shi daga karayar ƙugu wadda ita ce ta kwantar da Kawu kwanciyar da bai tashi ba.

Kafin wannan karaya, akwai abin da muka gani wanda a lokacin ba mu san fassararsa ba. Kawu, wanda ke kafewa a tsakar gida mai shafaffen siminti, idan ya shiga masallaci inda aka jera tabarmi, sai ya riƙa tsallake bakin kowace tabarma da taku mai faɗi kamar ba shi ba. Daga baya na karanta cewa masu gashin ƙashi da motsa jiki sun daɗe da sanin wannan, suna manna layuka a ƙasa ko su sa mara lafiya ya taka bisa kiɗa mai daidaitaccen bugu, kuma bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa idan ido ya ga abin da za a tsallake, umarnin taku yakan bi ta hanyar gani da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, ya kauce wa da'irar da ta lalace. Matarsa ba ta karanta komai ba, amma ta lura, ta kuwa ɗauki gawayi ta ja masa layuka tun daga ƙofar ɗakinsa har zuwa wajen alwala, tazarar taku guda tsakanin kowane biyu, tana sabunta su kowace safiya bayan shara. Idan ya kafe sai ta ce, "Malam, tsallake baƙin." Sai ya tsallake.